Kujerar gaba a jirgin sama: me ake saya da kuɗin tafiyar awa guda?

Daga Yamai zuwa Wagadugu ta sama kilomita 400 ne da ƴan kai, jirgi ba ya cika awa guda yake sauka. Zuwa Lome kuwa kilomita 800 ne da wani abu, watau kamar awa ɗaya da rabi. Amma ko cikin wannan ɗan lokaci akwai labulen da ke raba fasinjoji gida biyu: na gaba, a wurin da ake kira "kilas afer" da Faransanci, watau ajin ƴan kasuwa da manyan mutane, da kuma na baya inda sauran jama'a ke zaune. Kuɗin kujerar gaba yakan ninka na baya sau biyu, wani lokaci ma ya fi haka. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba tare da masu karatu abin da mutum ke samu da wannan ƙarin kuɗi, da kuma aljihun da kuɗin ke fitowa.

Jiragen baƙi ne ke ɗaukarmu

Duk ɗan Nijar da ya hau jirgi zuwa wata ƙasa maƙwabciya, kusan ko da yaushe jirgin baƙi ne ya hau. Da can ba haka abin yake ba. A 1961 Nijar na cikin ƙasashe 11 da suka sa hannu a birnin Yawunde suka kafa kamfanin Air Afrique, mai cibiya a Abijan, kuma shekara 40 ana alfahari da shi kafin bashi da rashin kyakkyawan tsari su kayar da shi a 2002. Gurbin da ya bari wasu ne suka cike: kamfanin ASKY na Lome da ya soma tashi a 2010 tare da haɗin gwiwar Ethiopian Airlines, da Air Côte d'Ivoire da aka kafa a 2012, sai kuma masu zuwa daga nesa irin su Royal Air Maroc da Turkish Airlines. Air France kuwa ya dakatar da zuwa Yamai a watan Agusta na 2023, bayan sauyin mulkin 26 ga Yuli.

A ƴan shekarun nan tilas ce ke sa mutane da yawa hawan jirgi. Hanyar mota ta Torodi, Makalondi, Kancari zuwa Fada Ngurma, wadda da ake bi a kwana a Wagadugu, matsalar tsaro ta sa mutane na gudunta. Rufe iyaka da Benin a 2023 kuma ya karkata hajar ƴan kasuwarmu zuwa tashar ruwan Lome. Ke nan mai kaya a Lome da ke son ganin kayansa da idonsa, jirgi ne ya fi masa kwanciyar hankali, kuma ranar sayen tikiti sai mai ajans ya tambaye shi: Alhaji, gaba ko baya?

Abin da ake samu cikin jirgi

Jiragen da ke waɗannan gajerun hanyoyi galibi Boeing 737 ne ko Airbus A320, wani lokaci ƙaramin jirgi mai farfela. A baya kujera shida ce a kowane jeri, uku dama uku hagu. A gaba huɗu ce, biyu da biyu. Kujerar ta fi faɗi, akwai wurin miƙe ƙafa, tana ɗan kishingiɗa, amma ba ta zama gado irin na manyan jiragen da ke zuwa Turai ko Asiya. Wanda ya ga hoton gado a tallar kamfani ya sayi tikitin Lome, to ya sani hoton na wata hanya ce dabam.

Kafin tashi akan kawo wa na gaba ruwa ko lemo, da ɗan tawul na goge hannu. Abinci yakan zo a faranti na tangaram da cokali na ƙarfe, ba cikin kwali ba. Sai dai lokaci ne ba ya isa. A tafiyar da ba ta cika awa ba, kusan kwata na farko jirgi na hawa ne, kowa na ɗaure da bel, minti 20 na ƙarshe kuma yana gangarowa. Abin da ya rage a tsakiya da ƙyar yake isa a ci a sha shayi kafin a zo kwashe faranti. Wani abu kuma da ba a cika faɗi ba: cikin kuɗin kujerar gaba har da na giya masu tsada da kamfanoni ke tanada, alhali mafi yawan matafiyanmu ba sa shan ta. Sun biya, wani ya sha.

Bahaushe ya ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. A jirgin sama dai karin maganar ba ta ci ba, domin na gaba da na baya lokaci guda suke tashi, lokaci guda suke sauka, kuma in iska ta girgiza jirgi, duka take girgizawa.

Ribar tana ƙasa

In an duba da kyau, amfanin wannan tikiti a ƙasa yake. A filin jirgin Diori Hamani, wanda kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta aka buɗe a Yunin 2019 gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka, mai tikitin gaba yana da layinsa dabam wurin awon kaya, yana da salon na jira mai sanyi da abin taɓawa, kuma shi ake fara kira shiga jirgi. Amma gaban ɗan sanda da ma'aikacin duwan babu babba babu yaro: fasfo, biza in ana bukata, da karnen allurar shawara, kowa sai ya nuna.

Babbar riba ita ce kaya. A yawancin waɗannan kamfanoni na baya yana da akwati biyu masu kilo 23, na gaba kuma biyu masu kilo 32, watau ƙarin kilo 18. Ga Hajiyar da ta taso daga kasuwar Lome da atamfa, ko mai ɗauko kayan gyaran injin da ke tsaye ana jiransa, kilo 18 ba wasa ba ne, tunda kuɗin kayan da suka wuce awo yana da zafi. A watannin Afrilu da Mayu kuma, zafin rana na rage nauyin da jirgi ke iya tashi da shi, in dole ta sa a bar wasu akwatuna a ƙasa, galibi masu alamar gaba ba su ne ake fara bari ba.

Riba ta biyu ita ce canjin rana. Cikakken tikitin gaba yakan ba da damar ɗaga tafiya ba tare da tara ba, ko da tara kaɗan. Amma a yi hattara, akwai na rangwame da ba su da wannan dama. A tambaya kafin a biya, a kuma sa mai ajans ya rubuta. Haka nan in kamfani ya canja jirgi aka mayar da mutum baya, haƙƙinsa ne ya nemi a mayar masa da bambancin kuɗin. Riba ta uku ga mai canja jirgi ne: wanda zai yi awa biyar yana jira a Lome ko Abijan, salon zai yi masa rana. Wanda ya kwana bisa hanya cikin kar daga Damagaram, kusan kilomita 900 kafin ya ga Yamai, ba mai zarginsa in ya nemi wurin hutawa da guminsa. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

In kuɗin na jama'a ne fa?

Nan ne maganar ke da nauyi. Duk mai yawan tafiya ya san ba ƴan kasuwa kaɗai ke zama gaban labule ba. Akwai masu takardar misiyo, na gwamnati da na furoje da na ƙungiyoyin ONG, waɗanda ko dala ba ta fita daga aljihunsu. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya kai jikka 42 a wata tun Janairun 2024, bambancin da ke tsakanin kujerun biyu yana iya cinye albashin lebura na watanni, saboda zaman da bai kai tsawon wasan ƙwallo ba.

Wasu sun riga sun sa wa abin iyaka. Dokar tafiye-tafiye da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2013 ta ce ma'aikacinta na yau da kullum ba ya zama gaba sai tafiyar ta kai awa 9 ba tsayawa, ko awa 11 in akwai canjin jirgi. A Tanzaniya, da John Magufuli ya hau mulki a 2015, ya taƙaita fitar jami'ai waje, ya kuma hana musu kujerun gaba in ban da ƴan ƙalilan a ƙololuwar mulki. In aka auna da wannan ma'auni, babu babban birni ko ɗaya a maƙwabtanmu da tafiyarsa ta cancanci kujerar gaba da kuɗin baitulmali.

Ga kuma tsadar tikitin kansa. Haraji da kuɗin filin jirgi sun yi yawa a yankinmu har shugabannin CEDEAO suka yanke a Disambar 2024 cewa daga Janairun 2026 za a soke wasu haraji, a rage wasu kuɗaɗen da kashi 25 cikin 100. Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka sauƙin da matafiyanmu za su samu a filin jirginmu yana hannun mahukuntanmu. Ministocin ƙasashen AES sun ba da shawarar kafa kamfanin jirgi na haɗin gwiwa tun taronsu na Bamako a Nuwambar 2023. Kafin wannan ya tabbata, ribar kowace kujerar gaba Lome take tafiya, ko Abijan, ko Adis Ababa, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Shawararmu ga mai tafiya da kuɗinsa ita ce ya yi lissafi kafin ya biya: nauyin kayansa, tsawon jiransa, da yiwuwar ɗaga ranar tafiya. In biyu daga cikin ukun nan sun shafe shi, kujerar gaba tana iya biyan kanta. In babu, ya zauna baya ya riƙe canjinsa. Ga masu sa hannu a takardar misiyo kuwa, muna kira da a rubuta doka a fili da za ta ce daga awa nawa ne jami'i ke zama gaba, kowa ya sani, talakan da harajinsa ke sayen tikitin shi ma ya sani.