Kunama da Hatsarin Harbinta

Kunama iri-iri ce a Nijeriya, kowace shiyya da irin wadda ta fi yawa a cikinta. A Kudu, inda akwai kurmi da danshi, an fi samun duwu, watau baƙar kunamar nan mai manyan hannuwa, wadda tsawonta kan kai santimita 20. Ko da yake tana da ban tsoro, dafinta ba shi da ƙarfi. A Arewa kuwa ƙananan kunamu jajaye da masu ruwan ƙasa sun fi yawa, kuma mafi mugun dafi suna wajen bakin hamada. Girman kunama ba shi ne ma'aunin hatsarinta ba. Mai siraran hannuwa da kaurin wutsiya ita ce abar tsoro.

An ƙiyasta cewa kunama tana harbin mutum fiye da miliyan 1 kowace shekara a duniya, fiye da 3,000 suna mutuwa. Babba yakan sha zogi ya warke, amma yaro ƙarami dafin na iya taɓa zuciyarsa da huhunsa.

In kunama ta harbi mutum, sai a wanke wurin da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi. Kada a tsaga, kada a tsotsa. Yaro kuwa lalle a kai shi asibiti nan da nan, musamman in an ga gumi, ko amai, ko dalalar miyau, ko wahalar numfashi.

Rigakafi shi ne a kakkaɓe takalmi da shimfiɗa kafin a yi amfani da su, a nisantar da tarin itace da duwatsu daga ɗakin kwana, a riƙa fita da fitila da dare.