Gorar Arziki: Daga Ina Ta Fito?

A teburan kantuna da ofisoshi, daga Beijin har Dubai, ana ganin wani ɗan tsiro kore shar a cikin kwalbar ruwa da tsakuwa, an ɗaure shi da jan zare. Sinawa na ce masa gorar arziki, sun yi imani yana jawo alheri cikin gida. Har karan ake ƙirgawa: uku na nufin farin ciki da dukiya da tsawon rai, takwas yalwa. Huɗu kuwa ba a ba mutum kyauta, don suna danganta adadin da mutuwa.

To amma wace irin gora ce za ta shekara tsaye cikin ruwa ba ta ruɓe ba?

A sa wuƙa a yanka karan. Gora ta gaskiya dangin ciyawa ce, cikinta rami ne tsakanin gaɓa da gaɓa. Wannan kuwa cike yake da tsoka mai damshi. Zoben da ke jikinsa, wanda ke ruɗin ido, tabon tsofaffin ganye ne da suka faɗi. A leƙa ƙasan kwalbar kuma: saiwoyin da suka manyanta launinsu ja-ja ne, irin na dangin da masana tsirrai ke kira Dracaena. Ashe ɗan'uwan moda ne, wadda ake murza tsirkiyar baka da zarenta.

Sunansa na kimiyya Dracaena sanderiana, an raɗa masa ne saboda Frederick Sander, wani Bajamushe mai cinikin furanni da ya kafa lambu a garin St Albans na Ingila, ya rasu a 1920. A ƙarshen ƙarni na sha tara tsiron ya shiga hannun Turawa, kuma ba daga Sin aka kawo shi ba. Asalinsa dazuzzukan Afirka ta Tsakiya ne, ciki har da Kamaru. A can ma danginsa na da martaba: ƙabilar Bamileke na riƙe wani irin Dracaena a matsayin itacen zaman lafiya. Abin yana sosa mini rai, a ce tsiron maƙwabtanmu ya zaga duniya amma da wuya ka ji an ambaci inda aka haife shi.

Saura murɗaɗɗen karan da ake gani a wasunsu, wanda ke sa kuɗinsa tashi. Ba haka yake fitowa ba, aikin manoma ne, musamman na lardin Guangdong da Taiwan. Sukan kwantar da kara a inda haske ke shigowa ta gefe guda. Kansa ya lanƙwasa yana bin hasken, sai a ɗan juya shi, ya sake lanƙwasawa. Haka za a yi ta lallaɓa shi wata da watanni kafin a sami murɗi ɗaya. Ni a wurina arziki na Allah ne, ba na kwalba ba, amma wannan haƙuri ya cancanci kuɗinsa.

Wasu hankalinsu kan tashi in ganyen ya koma rawaya, wai sa'a ce ke barin gidan. Asalin tsiron ya warware wannan ma. A inuwar manyan itatuwa ya saba rayuwa, don haka rana kai tsaye tana ƙona shi, sinadarin kulorin na ruwan famfo kuma yana cutar da shi. A janye shi daga bakin taga, a riƙa canja masa ruwa duk mako, in da hali da ruwan sama, sabon ganye zai fito kore.