Sankarar bakin mahaifa: Yadda takan yi tafiya har zuciya

A Gabi, kamar sauran garuruwan yankin Madarumfa, idan 'yar kasuwa ta fara haki daga ɗaukar ɗan kwandon kaya, ƙafafunta suka kumbura, abin da za a ce shi ne hawan jini ko gajiyar kasuwa. Galibi kuwa hawan jinin ne ko ƙarancin jini. Amma likitoci sun san wani dalilin da ba a cika zancensa ba, wato sankarar bakin mahaifa wadda ta bazu har ta taɓa zuciya.

Kada hankalin mai karatu ya tashi, abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Idan cutar ta yi nisa, ta fi cin mafitsara da hanjin dubura, ko ta toshe hanyar fitsari har ƙoda ta gaza, ko ta tafi huhu da hanta da ƙashi. Sai dai wani lokaci ƙwayoyinta sukan shiga jijiyar jini, su bi babbar jijiyar da ke kwaso jinin ƙasan jiki, su sauka a ɓangaren dama na zuciya, su yi tsiro. Wani lokacin kuma ruwa ne yake taruwa a jakar da ke lulluɓe da zuciyar, ya matse ta har ta kasa bugawa sosai. Idan aka kai nan, aikin likita bai wuce zuƙe ruwan da rage raɗaɗi ba.

To, amma wannan tafiya ba ta dare ɗaya ba ce. Ƙwayar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ita ce tushen cutar, kuma takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Ga mai ɗauke da ƙanjamau, 5 zuwa 10. Idan ta fara, jiki yakan ba da labari: jini bayan saduwa da maigida, jini tsakanin al'ada da al'ada, ruwa mai wari, da jinin da ya dawo wa macen da ta daina haila. A nan ne muke yin asara. Kunya ta hana a faɗa wa maigida, uwar rufi ta ce basir ne ko sanyi, a sayi jiƙo a kasuwa, gobe a koma bakin sana'a domin kada zubin adashi ya wuce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata kusan 660,000 suka kamu da cutar a duniya, kusan 350,000 suka rasu.

Awon farko kuwa ba wani abin wahala ba ne. Ma'aikaciyar lafiya tana shafa ruwan binega a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, a magance shi tun bai zama sankara ba. Mace tana iya tambayar ungozomar likita ko a asibitin Madarumfa inda ake yin sa, ko ta nufi cibiyar kula da uwa da yaro ta Maraɗi. A 2007 gwamnatin Nijar ta yi dokar maganin sankarar mata kyauta, amma dokar ba ta biyan kuɗin mota. Gashin sankara da na'ura, wanda aka fara a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa a 2021, a Yamai yake, tafiyar sama da kilomita 600 daga Maraɗi. Duk mai jarin da bai wuce 'yan jikkuna ba ta san abin da zaman wata biyu a can zai yi wa teburinta.

Akwai kuma allurar rigakafi ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Najeriya ta fara ba da ita kyauta a Oktoban 2023, ta iso Jihar Katsina a 2024, wato har Jibiya, inda mutanen Gabi da dama suke da dangi da abokan ciniki.