Yaran da ke Renon 'Yan'uwansu Masu Nakasa a Kudancin Kano

A gidajen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran ƙasar Hausa, yarinya kan fara goyon ƙanenta tun tana shekara shida ko bakwai. Wannan reno ne da kowa ya sani, kuma yana da iyaka: yaro ya zauna, ya yi rarrafe, ya tashi da ƙafarsa, a yaye shi, mai goyo ta huta. Akwai kuma renon da yaye ba ya kawo ƙarshensa. Shi ne na yaron da aka haifa da nakasa, ko ta same shi yana ƙarami, har ya kai shekara goma sai an ɗaga shi, an ba shi abinci a baki, an kai shi bayan gida. A gidaje da yawa wannan aiki kan faɗa wa yayarsa ko wansa, wani lokaci ma ƙanwarsa, yaran da su kansu ba su wuce a kula da su ba.

Ba a zama a yanke cewa wance ce za ta ɗauki wannan nauyi. Da kaɗan-kaɗan yake hawa kanta. Uwa ta sake samun ciki ko tana da ɗanyen goyo, ga girki, ga sana'ar cikin gida. Uba yana gonar masara da damina, ko yana noman rani da kamun kifi a gefen madatsar Tiga, ko ya tafi cirani. Sai a ce, "Riƙe min shi in sauke tukunya," gobe a sake, har a wayi gari yaron ba ya cin abinci sai daga hannunta. Inda aure ya mutu ko uwa ta rasu, abin ya fi tsanani, domin wadda suke ciki ɗaya da shi ita ce za ta tsaya masa a gaban kishiyar uwa ko kakar da ƙarfinta ya ƙare. 'Yan mata ne suka fi shan wanka da wanki da ciyarwa da tashin dare. Yara maza kuma su ne masu tura keken guragu, da jan makaho, da zuwa sayo magani, da ƙwadago a gonakin mutane don a samu kuɗinsa.

Nakasar da ake fama da ita a waɗannan gidaje tana da sanadin da likitoci suka sani. Doguwar naƙuda a gida, wadda jariri kan fito bai yi kuka ba, tana hana ƙwaƙwalwa iska, daga baya a ga wuya bai tsaya ba, gaɓoɓi sun sandare ko sun saki. Shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani tana yin irin wannan ɓarna, haka ma zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa. Sanƙarau kan bar yaro da kurumta, ƙyanda kan tafi da ido. Shan inna ya daɗe yana gurgunta yara a Kano, musamman bayan dakatar da rigakafi a 2003; an ga na ƙarshe na asalin ƙwayar cutar a jihar a ƙaramar hukumar Sumaila cikin Yulin 2014, aka ayyana Afirka ta rabu da ita a Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan cikin gidaje. Ga kuma sikila da farfaɗiya. Har yanzu akan ji ana kiran yaron da jikinsa ya saki "ɗan ruwa", ko a ce iska ce ta shafe shi. Illar wannan magana ba ga mai lalurar kaɗai ta tsaya ba: maƙwabta su janye 'ya'yansu, dangi su rage zuwa, yarinyar da ke renonsa ta rasa mai karɓarta ko na awa ɗaya.

Abin da ya fara salwanta shi ne karatu. Mai reno takan zo makaranta a makare, ta yi gyangyaɗi a aji saboda ba ta yi barci ba, ta yi fashin ranar da jikin ƙanenta ya tashi. Malami da bai san gidan ba yakan ɗauka lalaci ne, ya yi mata bulala. Daga fashin kwana biyu a mako sai a koma zangon karatu guda, daga nan a daina zancen. Islamiyya da makarantar allo ma haka. Wannan yana faruwa alhali dokar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara ta karatu kyauta, kuma Jihar Kano ta ƙaddamar da nata shirin ilimi kyauta kuma dole a 2019.

Jiki ma yana biya. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da ke goya yaro ɗan shekara takwas tana ɗora wa bayan da bai gama ƙwari ba abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ciwon baya da na ƙugu kan biyo baya. Amma wahalar da ta fi ɓuya ita ce ta zuciya. Irin wannan yarinya tana son ƙanenta, tana kuma gajiya da shi, sannan ta riƙa jin kunyar gajiyar. Idan ya faɗi ko ya ƙone, ita za a tambaya. Idan ta yi ƙorafi, a ce ba ta da haƙuri, idan ta yi shiru, a ce, "Ai ita ce uwarsa, Allah ya yi mata albarka." Addu'ar tana da kyau, sai dai sau da yawa da ita ake rufe maganar. Alamomin da ya kamata babba ya lura da su sun haɗa da yawan shiru, saurin fushi, ramewa, daina wasa da tsara, da dukan mai lalurar a ɓoye. Wannan na ƙarshe yawanci alamar cewa an kai ta bango ne, ba mugun hali ba.

Ba a ce yaro kada ya taimaki ɗan'uwansa ba. Zumunci tarbiyya ne, kuma da yawa daga waɗanda suka taso a haka sun fi tsaransu tausayi da sanin ya kamata. Abin dubawa shi ne wa ke da alhakin. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a wannan ƙasa, ciyar da ɗa da tufatar da shi suna kan uba, kuma idan ɗa ya balaga da nakasar da ta hana shi neman na kansa, wajibin bai sauka ba. Reno kuwa haƙƙin uwa ne, bayanta kakar wajen uwa, sannan sauran manyan dangi bi da bi. Yarinyar da ba ta balaga ba ba ta cikin waɗanda aka ɗora wa. Wasu ƙasashe sun mayar da batun doka: a Ingila, inda ƙidayar 2021 ta nuna yara kusan 120,000 'yan shekara 5 zuwa 17 suna jinyar wani a gida, wata doka ta 2014 ta wajabta wa ƙananan hukumomi su binciki halin irin wannan yaro su ga taimakon da yake buƙata. Kano ta samu dokar kare yara a 2023.

Saboda haka tallafin farko daga cikin gida yake, kuma ba ya cin kuɗi. Maigida ya tara manyan gidan a raba kwanaki da ayyuka a fili, yadda ake raba girki: wa ke wanka, wa ke tashin dare, wa ke zama da shi daga safe zuwa tashin makaranta. Lokacin makaranta da barcin dare su zama abin da ba a taɓa wa yarinyar. Ɗaga mai nauyi, ba da magani, da yanke shawarar zuwa asibiti aikin manya ne. Idan gidan ba shi da hannaye, a kai maganar ga dangi, ga liman, ga mai unguwa ko dagaci, a faɗi buƙatar da sunanta. Wanda aka ce wa "a taimaka mana" yakan yi addu'a ya wuce. Wanda aka roƙa ya zauna da yaro ranar Talata da hantsi yakan zo. Haka kuma uwa ko uba su je wurin shugaban makaranta da kwamitin iyaye su bayyana halin da ake ciki, domin malamin da ya ji "Malam, ƙanenta ne ba ya iya zama, ita ke tashi da shi" ba zai sake kallon makararta a matsayin lalaci ba.

Akwai ilimin jinya da ke rage wahala, wanda ya kamata duk gidan su sani, ba mai reno kaɗai ba. Yaron da ba ya iya haɗiya sosai a zaunar da shi a miƙe kafin a ba shi abinci, kaɗan-kaɗan, kada a ɗura masa kunu yana kwance, domin abin da ya sarƙe shi kan gangara huhu ya zama ciwon haƙarƙari. Wanda ba ya iya juyi a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa biyu, a bar shimfiɗarsa a bushe, don gudun gyambon kwanciya. Mai ɗagawa ya durƙusa ya tashi da ƙarfin cinya, ba ya sunkuya ba. Kafinta na gari zai iya ƙera kujera mai jingina da madauri, wadda za ta sauke yaron daga bayan yayarsa. Idan farfaɗiya ta tashi, a kawar da wuta da ruwa da abu mai kaifi, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a kwantar da shi ta gefe. Ba a cusa cokali a baki, ba a danne shi, ba a ɗura masa komai, kuma miyaunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Idan jijjigar ta wuce minti biyar, sai asibiti. Maganin farfaɗiya yana aiki ga mafi yawan masu ita, matuƙar ba a yanke shi ba. Mai sikila kuwa yana son ruwa da yawa, da gidan sauro, da sutura mai kauri da hunturu, musamman a tsaunukan Riruwai inda sanyi ke da ƙarfi; zazzaɓi a jikinsa ba abin jira ba ne.

Wajen neman magani, a fara da asibitin mazaɓa ko babban asibitin ƙaramar hukuma, a karɓi takardar turawa. Ƙwararrun suna birnin Kano. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, yana duba matsalar ƙafa da gaɓoɓi, yana yin takalmin gyara da ƙafar roba. Jaririn da aka haifa da lanƙwasasshiyar ƙafa ana miƙar da ita da filasta idan an kai shi da wuri. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala suna da sashen yara da na gashin ƙashi. Akwai asibitin yara na Hasiya Bayero, da na ƙwaƙwalwa a Dawanau, da asibitin ido na ECWA a Sabon Gari. Nisa ba wasa ba ne: mutumin Kiru ko Bebeji yana da titin Zariya kusa da shi, amma na Doguwa sai ya ratsa dajin Falgore ya wuce Tudun Wada kafin ya kama hanyar birni. Don haka duk zuwan da aka yi, babba ya je, ya roƙi mai gashi ya koya masa motsa jikin da za a ci gaba da yi a gida. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, tana da tsari na masu rauni da ake rajista ta asibitocin mazaɓu. Guraben ba su da yawa, amma wanda bai tambaya ba ba ya shiga. Akwai kuma Hukumar Zakka da Hubusi, da sashen walwalar jama'a na kowace ƙaramar hukuma.

Sanya mai nakasar kansa a makaranta yana 'yantar da yara biyu a lokaci guda. Makarantar Tudun Maliki da ke Kano tana karɓar kurame da makafi, kuma gurgu ko mai farfaɗiya babu abin da ya hana shi zama a firamaren garinsu. Dokar tarayya ta hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare da fifiko a layi, aka kuma kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, a ƙauye ma ba a cika jin labarinta ba. Waɗanda suka fi sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa su ne masu nakasar da kansu, ta haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta JONAPWD da sarakunan makafi da na guragu, kuma ta wurinsu ake jin lokacin rabon kekuna da koyar da sana'a.

Dokar ta kuma haramta amfani da mai nakasa wajen bara, da tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Ɗan jagoran da ke yini a tasha ko bakin titi yana jan wansa makaho yana asarar karatu, yana cikin haɗarin mota da na miyagun mutane. Haka yarinyar da aka bari ita kaɗai da mai lalura a gida. Iyalai su kuma yi hattara da masu zuwa ƙauye suna karɓar kuɗin fom ko lambar banki da sunan tallafin nakasassu, da masu alkawarin warkar da shanyewar jiki cikin mako guda. Taɓuwar ƙwaƙwalwa ba ta gogewa, amma gashi da abinci mai gina jiki da haƙuri suna ƙara wa yaro abin da zai iya yi da kansa.

Renon da yarinya ke yi yana da ranar ƙarewa ko ba a shirya ba, ranar da za ta yi aure ko ta tafi makarantar kwana. Gidan da ya dogara da ita kaɗai yakan rikice a wannan lokaci: ko a jinkirta mata, ko a haɗa ta da ƙanen zuwa gidan miji ba tare da an yi maganar da mijin ba, ko mai lalurar ya daina ci saboda bai saba da hannun kowa ba. Shi ya sa ake so tun yana ƙarami mutum biyu ko uku a gidan su san cimarsa da maganinsa da alamun da yake magana da su, a ajiye katin asibitinsa a wurin babba, kuma a koya masa duk abin da zai iya, ko da riƙe kofi ne ko nuna cewa yana jin fitsari.