Layukan hana ajiye mota a Birtaniya

Layukan hana ajiye mota zane ne na fenti da ake yi a gefen titi domin nuna wa direba inda zai iya yin fakin da inda doka ta hana. A Birtaniya, launin layin da yawansa ne ke bayyana abin da aka hana, domin doka ta bambanta abubuwa uku: tsayawa, jira a wuri ɗaya, da lodi ko sauke kaya. An bayyana ma'anar layukan a kundin dokokin hanya na ƙasar, wato Highway Code, wanda aka fara wallafawa a shekarar 1931.

Tarihi

Yawan motoci ya ƙaru sosai a biranen Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har cunkoso ya zama matsala. A shekarar 1958 aka kafa na'urorin karɓar kuɗin fakin na farko a unguwar Mayfair da ke Landan, sannan a 1960 jami'an kula da fakin suka fara aiki a birnin. Dokar zirga-zirga ta 1991 ta ba ƙananan hukumomi damar karɓar wannan aiki daga hannun 'yan sanda.

Layin rawaya

Layin rawaya biyu a jere na nufin an hana jira a kowane lokaci, dare da rana. Layi ɗaya kuwa yana hana jira ne a wasu sa'o'i kawai, waɗanda ake rubutawa a ƙaramin allo kusa da wurin, ko a mashigar unguwar. Direba zai iya tsayawa a kan layin rawaya domin ɗauka ko sauke fasinja. Hanin ya shafi titin, da hanyar masu tafiya a ƙasa, da ciyawar gefen hanya.

Wani lokaci ana yin gajerun zane na rawaya a kan dutsen bakin titi. Waɗannan sun shafi lodi da sauke kaya: zane biyu na hana hakan a kowane lokaci, zane ɗaya kuma a sa'o'in da allo ya nuna.

Jan layi

Jan layi ya fi na rawaya tsauri, domin ya hana tsayawa baki ɗaya. An fara amfani da shi a Landan a shekarar 1991 a kan manyan titunan da suka fi cunkoso. Inda aka ja layi biyu, ba a tsayawa ko da domin sauke fasinja. An keɓe tasi masu lasisi da motocin da ke ɗauke da naƙasassu masu shuɗin kati, waɗanda za su iya ɗauka ko sauke mutum. Jan layi ɗaya yana aiki ne a lokutan da aka rubuta.

Layi mai kama da haƙoran zarto

Ana yin farin layi irin wannan kafin wurin tsallaka titi da bayansa. An haramta fakin a wurin, saboda motar da ke tsaye tana tare wa direbobi ganin mai tsallakawa. Na rawaya ana yin sa a ƙofar makaranta, domin yara su hango motoci, direbobi ma su hango yaran.

Wuraren da aka keɓe don fakin

Ana zana su da farin layi, kuma dole ne motar ta shiga cikin zanen. Wasu na mazauna unguwa ne masu takardar izini, wasu na biyan kuɗi ne, wasu kuma na naƙasassu, likitoci ko babura. A Ingila da Wales, mai shuɗin kati zai iya ajiye mota a kan layin rawaya har na tsawon awa 3, matuƙar ba a hana lodi a wurin ba.

Inda ba a fakin ko da babu layi

Rashin fenti ba ya nufin an yarda a ajiye mota. Kundin ya umarci direbobi kada su yi fakin a waɗannan wurare:

ƙasa da mita 10 daga mahaɗar hanya, sai dai a wurin da aka keɓe;
kusa da wurin tsayawar bas ko tasi;
dab da inda titi ya ratsa layin dogo;
a kan kwana ko kusa da ƙololuwar tudu;
a ƙofar shiga gidan wani;
inda aka sassauta bakin titi saboda masu keken guragu.

An hana ɗora mota a kan hanyar masu tafiya a ƙasa a Landan tun 1974. Sikotilan ma ta kafa irin wannan doka a 2019, kuma ƙananan hukumominta sun sami ikon cin tara a kanta daga watan Disamba na 2023.

Hukunci

Wanda ya karya doka ana manna masa takardar tara a gilashin mota, ko a aika masa ta gidan waya. Yawanci ana rage rabin kuɗin idan an biya cikin kwana 14. Direba na da damar ƙalubalantar tarar a gaban ƙaramar hukuma, sannan ya ɗaukaka ƙara zuwa wani kwamiti mai zaman kansa. A wasu birane ana janye motar da ta tare hanya, kuma sai mai ita ya biya kafin a sake ta.