Mutumin Da Ya Kai Jama'a Wata A Majigi

Shekara 67 kafin Amurkawa su taka wata cikin 1969, wani Bafaranshe ya riga ya kai mutane can, amma fa a majigi. Sunansa Jorj Meliyes, an haife shi a Paris cikin 1861. Ubansa mai masana'antar takalma ne, shi kuwa zuciyarsa ba ta kwanta da sana'ar ba, sai ya sayar da rabonsa cikin 1888, ya sayi gidan wasa yana nuna dabo.

Da 'yan'uwan nan biyu, su Lumiyer, suka nuna hoto mai motsi cikin 1895, ya nemi su sayar masa da na'urarsu, suka ƙi. Ya sayo wata daga London, ya gyara ta da hannunsa, ya gina ɗaki na gilashi a bayan Paris, don hasken rana shi ne fitilarsa. Shi ke tsara labari, shi ke zanen bango, shi ke fitowa a wasan, kuɗin kuma daga aljihunsa.

Cikin 1902 ya fito da majigin tafiya wata. An zuba masana cikin ƙaton harsashi, aka harba su da igwa, harsashin ya je ya cake a idon wata. Malamin kimiyya zai ce ba mai fita daga bakin igwa da rai, gaskiyarsa kuwa, amma ban ga laifin ƙaryar da ta sa yaro ya ɗaga kai ya tambayi nisan wata ba.

To, iya aiki daban, iya ciniki daban. A Amurka aka yi ta kwafar majigin ana cin riba, ba a ba shi ko anini ba. Bashi ya ci shi, ya daina aiki wajen 1913, bayan ya yi majigi fiye da 500. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko aka narkar da ɗaruruwansu, har aka yi dunduniyar takalman soja da su. Ɗan mai takalma ke nan! Cikin 1923 kuma ya ƙone ragowar da ke hannunsa don baƙin ciki.

Daga baya aka same shi a tashar jirgin ƙasa ta Mamfarnas yana sayar da alewa da kayan wasan yara. Gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girma cikin 1931, ya rasu cikin 1938. Wajen 200 daga majigansa ne suka tsira.