Mene ne babur ɗin tirayal, kuma me ya sa salansarsa take sama?

Tirayal gasar babur ce da ba ruwanta da gudu. Mahayi zai ratsa duwatsu, laka da rafi a hankali, kuma duk sanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa, a rubuta masa laifi. Shahararriyarta ita ce ta kwana shida a Sikotland, wadda ta samo asali a 1909.

Wannan yanayin gasar ne ya sauya siffar baburan. Salansa in tana ƙasa, dutse zai lotsa ta, ruwa ya shige ta, sai maƙera suka lanƙwasa bututun ya hau gefen inji, ya bi ta ƙarƙashin kujera.

Abin da ya fi burge ni shi ne firam, wato ƙashin da ke riƙe da inji da tayoyi. Kamfanin Greeves na Ingila ya ajiye bututun ƙarfen gaba, ya zuba dirkar alminiyum a wurinsa. Mahayi Sammy Miller kuwa ya yi ta rage wa babur ɗinsa ƙirar Ariel nauyi, kafin ya koma kamfanin Bultaco na Sifaniya ya ci gasar Sikotland a 1965.

Yau masu gyaran tsofaffin babura ke neman waɗannan sassa ruwa a jallo, domin gasar baburan da aka ƙera kafin 1965.